Yadda katekis zai koyar da Shaidar Bangaskiya ta hanyar tarihinta

A cocinan Katolika na Jos, kusan kowa ya haddace "Na ba da gaskiya ga Allah ɗaya". Amma tambayi mai shirin Baftisma me ya sa ake cewa Yesu haifaffe ne, ba halitta ba, sai ya hau sosa ƙeya. Maganin wannan shi ne a koyar da kowane layi tare da gardamar da ta haife shi, domin yawancin jimlolin shaidar nan amsa ce ga wani da ya taɓa faɗin akasinsu.

Zama shida na minti 45 bayan Misar Lahadi ya isa. Ka tanadi allo da alli, taswirar Bahar Rum, da Littafi Mai Tsarki mai littattafai 73, wato 46 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo. Ka buɗe ka duba kafin ka biya kuɗi, domin da yawa daga cikin na kasuwa masu 66 ne, babu Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi na ɗaya da na biyu.

A zama na farko ka ja dogon layi a allo, ka sa shekaru shida kawai: 64, da Sarki Nero ya fara tsananta wa Kirista a Roma, 313, da aka ba su 'yancin ibada a Milan, sai manyan tarurrukan bishop-bishop huɗu, 325, 381, 431 da 451. In ka ƙara a kan haka, duka za su zube. Zama na biyu na rayuwar Ikkilisiyar farko ne. Ignatiyus na Antakiya, wajen shekara ta 107, shi ne na farko da aka samu ya rubuta "Ikkilisiyar katolika", ma'ana ta ko'ina da kowa. Yastin Shahidi kuma, wajen 155, ya bayyana taron Lahadi: karatu, wa'azi, addu'o'i, gurasa da ruwan inabi, da baiko don marayu da gwauraye. Ka sa ɗalibai su jera wannan kusa da Misar da suka fito yanzu, su nemo bambancin da kansu.

Nikiya ce zuciyar aikin, ka ba ta zama biyu cur. Ariyus, wani firist a Iskandariya ta Masar, ya koyar cewa akwai lokacin da babu Ɗan, Uba ne ya halicce shi kafin komai. Sarki Konstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya yau, a 325. Suka yanke cewa Ɗan da Uba zatinsu ɗaya ne, da kalmar Girkanci "homo'usiyos". Hujjar da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya riƙe daga baya ita ce za ka rubuta a allo: in Yesu halitta ne, ba zai iya ceton halitta ba.

A nan abubuwa uku ke lalacewa. Na farko kalmar "Ɗa". A garin da Kirista da Musulmi ke zaune unguwa ɗaya, kunne kan ji ta kamar haihuwar jiki, da miji da mata. Ka faɗa ƙarara cewa Ikkilisiya ba ta koyar da haka, dangantaka ce ta tun fil azal, ba ta da mafari. Na biyu, misalin ruwa, ƙanƙara da tururi don bayyana Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda katekis da dama ke so don yana da saurin shiga kai. Ka bar shi. Yana nuna abu ɗaya ne mai sauya kama sau uku, koyarwar Sabeliyus ke nan, wadda aka ƙi tun ƙarni na uku. Ka kai su bakin Kogin Urdun a Markus 1:9-11, inda Ɗa ke cikin ruwa, Ruhu na saukowa, Uba na magana, duk a lokaci guda. Na uku, zancen da ke yawo a waya cewa a Nikiya aka ƙirƙiro Triniti, aka kuma zaɓi littattafan Sabon Alkawari. Tertuliyan na Kartaj ya yi amfani da kalmar "Trinitas" fiye da shekara 100 kafin taron, kuma ba a tattauna jerin littattafai a can ba. Jerin 27 ɗin ya fito ne a wasiƙar Atanasiyus ta 367, tarurrukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka tabbatar.

Ka lura da sunayen garuruwan nan: Iskandariya, Kartaj, Hippo, duk a Afirka suke. Babbar makarantar horon firistoci ta Jos ma sunan Agustin na Hippo take ɗauke da shi. Duk mai cewa addinin Turawa ne, miƙa masa taswira.

Taron Konstantinoful na 381 ba ya buƙatar dogon bayani: shi ya faɗaɗa sashen Ruhu Mai Tsarki, ya bar mana shaidar da ake karantawa ranar Lahadi. Ka haɗa shi da taron Afisa a zama na biyar. Nestoriyus, bishop na Konstantinoful, ya ƙi a kira Maryamu Uwar Allah, a 431 taron ya ce a kira ta haka. Ka jaddada cewa hukuncin a kan Yesu yake: wanda ta haifa shi ɗin ne Allah, ba wai ta riga Allah kasancewa ba. Girmama ta ake yi, sujada ta Allah ce kaɗai.

Zama na shida na taron Kalsidon ne, 451, inda aka karɓi wasiƙar Paparoma Liyo: Yesu ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, babu cuɗanya babu rabuwa. In ɗalibi ya ce "rabi da rabi", tsayar da shi nan take.

Kada ka gwada su da hadda. Karanta layi ɗaya, ka tambaya: wa aka mayar wa wannan amsa, a wace shekara? Tambayar da ta fi ƙarfinka kuma, rubuta ta ka kai wa Fada, ka dawo da amsar Lahadi mai zuwa.