Yadda Darakta Zai Sa Ido Kan Tsaron Intanet na Kamfaninsa Ko da Bai Ƙware a Kwamfuta Ba

A kamfanoni da yawa, idan maganar tsaron intanet ta taso a zaman hukumar daraktoci, sai a kira shugaban sashen kwamfuta ya yi bayani na minti goma da kalmomin da mafi yawan masu zaman ba su fahimta, a gode masa, a wuce zuwa batun riba. Wannan al'ada tana da haɗari, domin a ranar da masu kutse suka kwashe kuɗin abokan ciniki ko suka kulle bayanan kamfani, daraktoci ne hukumomi da masu hannun jari za su tuhuma. Babban Bankin Nijeriya ya fayyace haka a ƙa'idojin tsaron intanet da ya fitar wa bankuna a 2018, inda ya ɗora babban nauyin a wuyan hukumar daraktoci, sannan ya faɗaɗa su zuwa ƙananan bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi a 2022. Abin da ake nema daga darakta shi ne ya san tambayoyin da zai yi, kuma ya ƙi karɓar amsar da ba ta zo da hujja ba.

Matakin farko shi ne hukumar ta buƙaci a rubuto mata, cikin harshen da kowa zai gane, abubuwa biyar ko shida waɗanda idan suka tsaya kamfanin ya tsaya. A banki, wannan ya haɗa da manhajar da ke riƙe da asusun jama'a da hanyoyin tura kuɗi. A asibiti, bayanan marasa lafiya. A masana'anta, na'urorin da ke tafiyar da injuna da tsarin biyan albashi. A gaban kowanne a rubuta sunan jami'in da ke da alhakinsa, da adadin awoyin da kamfanin zai iya jurewa ba tare da shi ba, da kuma asarar da za a tafka a kowace rana da kuɗin Naira. Da zarar an mayar da haɗarin zuwa lissafin kuɗi da lokaci, ya shigo fagen da daraktoci suka fi kowa sani.

Daga nan sai tambayar da na fi ba muhimmanci a kan duk sauran, wato idan aka wayi gari an goge komai, daga ina za a dawo da shi, kuma yaushe aka gwada hakan a aikace? Abin da ya sami Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmark, ya isa darasi. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukiren, ta shiga kwamfutocin kamfanin ta lalata su cikin ƙanƙanin lokaci, har sai da aka sake girka kwamfutoci kusan 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000, kuma asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kamfanin yana da kwafi da yawa na na'urar da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, amma dukkansu a haɗe suke da juna, don haka suka mutu tare. Kwafi ɗaya tak ya tsira, wanda ke ofishinsu na Ghana, kuma ya tsira ne saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, na'urar ta yanke daga sauran. Sai da aka ɗauko faifan aka bi da shi ta Nijeriya zuwa Ingila kafin aikin farfaɗowa ya kankama. Bai kamata wata hukuma ta bar rayuwar kamfaninta a hannun irin wannan sa'a ba. Ta umarta a ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da sauran na'urori, sannan aƙalla sau biyu a shekara a dawo da su daga wannan kwafin a gaban mai binciken cikin gida, a rubuta awoyin da aikin ya ci, a kawo rahoton gaban hukuma. Idan aka ce muku akwai kwafi amma ba a taɓa gwada shi ba, ku ɗauka babu shi.

Abu na gaba shi ne tsarin wanda ke kawo rahoto. Ya kamata kamfani ya naɗa babban jami'in tsaron bayanai, kuma kada a sa shi ƙarƙashin shugaban sashen kwamfuta, domin ba a sa mutum ya binciki aikin wanda ke sa hannu a kan ƙarin girmansa. A ba shi damar zama da kwamitin haɗurra na hukumar duk bayan wata uku, kuma a keɓe wani ɓangare na zaman da manajan darakta ba ya ciki, don ya faɗi abin da ya nema aka hana shi.

A irin wannan zama, a guji gamsuwa da alƙaluman da ke faranta rai, irin su yawan hare-haren da aka toshe. Tambayar da ta fi amfani ita ce, kwana nawa ake ɗauka kafin a ɗinke ɓarakar da masu manhaja suka riga suka sanar, kuma ɓaraka nawa ce ta wuce wa'adi? Kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara tarihin bashin jama'a, ya rasa bayanan mutum kusan miliyan 147 a 2017 ta wata kafa da aka fitar da maganinta tun watan Maris, amma ba a girka shi ba har masu kutse suka shiga a watan Mayu. Shugaban kamfanin, Richard Smith, ya sauka a watan Satumba, daga baya kuma aka yi sulhun da ya kai dala miliyan 700. Haka nan a tambaya ko akwai wata ƙofar shiga da kalmar sirri kaɗai ke tsare ta, ba tare da tantancewa mataki na biyu ba (kamar lambar da ake turo wa mutum a waya), domin ta irin wannan tsohuwar ƙofa aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a 2021, ya biya masu kutsen fansar dala miliyan 4.4 don su buɗe masa na'urorinsa.

Kada kuma a manta da 'yan kwangila. An sace bayanan katin banki miliyan 40 daga kantunan Target a 2013 ta hanyar izinin shiga da aka ba wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Hukumar ta nemi jerin duk wani baƙon kamfani da ke iya shiga na'urorinta, ta kuma tabbatar ana rufe izinin da zarar kwangila ta ƙare, kamar yadda ya kamata a rufe na ma'aikaci a ranar da ya bar aiki.

Akwai wani ɓangare da ya shafi daraktoci su kansu, kuma a nan ne girma yake zama matsala. Ɗan damfara ya san cewa ƙaramin ma'aikaci yana jin nauyin tambayar oga, shi ya sa yake aiko da saƙo da sunan shugaba yana cewa a tura kuɗi yanzu-yanzu kuma a yi shiru. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskoki da muryoyin jabu na manyansa. Maganin wannan yana hannun hukuma: ta zartar a rubuce cewa duk biyan da ya kai wani adadi, ko duk sauyin lambar asusun ɗan kwangila, sai an tabbatar da shi ta kiran lambar wayar da aka sani tun da, kuma babu ma'aikacin da za a hukunta don ya jinkirta umarnin shugaba domin tabbatarwa. Daraktoci su fara da kansu, su daina aika takardun hukuma ta imel ɗinsu na kashin kai.

Sai shirin ranar da abin ya auku. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan kutsen zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Awa 72 ba ta isa a fara neman wanda zai yanke shawara ba. Satar da aka yi wa Babban Bankin Bangladesh a watan Fabrairun 2016 an tsara ta ne a daren Alhamis, saboda Juma'a hutu ce a Dhaka, Asabar da Lahadi hutu a New York inda kuɗin suke ajiye, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sin a Filifin inda aka tura su, kuma a cikin wannan tazara dala miliyan 81 ta sulale. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki a watan Maris, bayan an zarge shi da jinkirin sanar da gwamnati. Duk kamfanin da ke rufe ofis na kwana huɗu ko biyar a hutun Sallah ko Kirsimeti yana da irin wannan tazara.

Don haka hukumar ta ware rabin yini a kowace shekara ta yi atisaye, a ɗauka an kulle dukkan na'urori a jajibirin Sallah. A fayyace wanda za a fara kira, da wanda ke da ikon kashe tsarin gaba ɗaya ko da za a yi asarar ciniki, da wanda zai yi magana da hukumomi da 'yan jarida, da matsayin kamfanin kan biyan fansa tun kafin a nema. A buga jerin lambobin wayar waɗannan mutane a takarda, kowane darakta ya riƙe kwafi a gida, domin a ranar da za a buƙace shi, imel ɗin kamfanin ba zai buɗu ba.