Yadda ake horar da ma'aikata da manajoji ta intanet a manyan kamfanoni

Kamfanin da ke da dubban ma'aikata a rassa daban-daban ba zai iya tara kowa a ɗaki ɗaya duk lokacin da aka sauya wata ƙa'ida ko aka shigo da sabuwar manhaja ba. Abin da ya ba horo ta intanet gindin zama ke nan. Sai dai kafin ku sayi dandali ko ku ɗauki bidiyo, ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: me ma'aikata suke yi yanzu da ake so su daina, ko me ba sa yi da ake so su fara? Muddin amsar ba ta fito cikin jimla ɗaya ba, lokacin farawa bai yi ba.

A ce masu karɓar ƙorafin abokan ciniki suna tura yawancin ƙorafe-ƙorafe wurin shugabanninsu, alhali suna da ikon warware su da kansu. Ku bi diddigin dalili. Ku tambayi kanku: da za a ce wa ma'aikacin nan ya yi aikin daidai yanzu-yanzu za a ba shi babbar lada, zai iya? In zai iya, matsalar ba ta rashin sani ba ce. Wataƙila manhajar ce ba ta ba shi damar mayar da kuɗi, ko kuma an taɓa tsawata wa wani da ya yanke hukunci da kansa, sauran suka ja da baya. Shirya wa irin waɗannan mutane darasi barin jaki ne ana dukan taiki. Inda aka tabbatar rashin sani ne, sai a rubuta manufar darasin da abin da ido zai gani: "ma'aikaci zai gane saƙon imel na damfara 9 cikin 10 da aka nuna masa", maimakon "ma'aikaci zai fahimci muhimmancin tsaron bayanai". Manufa ta farko ana iya gwada ta, ta biyu kuwa ba wanda zai iya cewa an cimma ta.

Dandali da abin da ya wajaba ya iya

Dandalin da ake ɗora darussa a kai, wanda masu sana'ar ke kira LMS, shi ne ke riƙe sunayen masu koyo, ya tura wa kowa darasinsa, ya ajiye sakamako. Moodle, wanda ya fito a 2002, kyauta ne, amma ku ne za ku nema masa sabar, wato babbar kwamfutar da zai zauna a kai, da ma'aikatan da za su kula da shi. Irin su Cornerstone, Docebo da SAP SuccessFactors ana biyan kuɗinsu ne, galibi gwargwadon yawan masu amfani. LinkedIn Learning, Coursera da Udemy kuma rumbunan darussa ne shiryayyu. Suna da amfani wajen koyar da abin da kowa ke buƙata, kamar aiki da Excel, amma tsarin aikin kamfaninku ku ne kawai za ku iya rubuta shi.

Kowane kuka zaɓa, kada ku sa hannu a yarjejeniya sai kun ga abu uku suna aiki da idonku. Dandalin ya riƙa ɗauko sunaye daga rijistar sashen kula da ma'aikata da kansa, aƙalla sau ɗaya a rana. In ana shigar da sunaye da hannu, cikin 'yan watanni za ku tarar da waɗanda suka bar aiki suna nan a jerin "ba su kammala ba", wanda aka sauya wa sashe kuma yana karɓar darussan tsohon sashensa, rahoton da ake kai wa shugabanni ya zama ƙarya ba tare da kowa ya yi niyya ba. Na biyu, ma'aikaci ya shiga da sunan shiga da kalmar sirrin da yake amfani da su a sauran ayyukan ofis, don kalmar sirri ta daban ita ce ke cika sashen kwamfuta da kiran "na manta". Na uku, ya yi aiki a waya, ya kuma bari a sauke darasi a yi shi ba intanet, sakamakon ya hau daga baya.

Akwai wani ƙulli na fasaha da ke cinye lokacin mutane da yawa. Darasi da dandali suna magana ne ta wata ƙa'ida mai suna SCORM, kuma nau'i biyu ne suka fi yawo: SCORM 1.2 da SCORM 2004. Ana ɗora darasin a matsayin fayil ɗin zip, kuma dole fayil mai suna imsmanifest.xml ya kasance a samansa kai tsaye. In ya shige cikin wata jaka, dandalin zai ƙi karɓa. A SCORM 1.2 gurbi ɗaya ne ke ɗaukar "ya kammala" da "ya ci", don haka in an saita darasin ya aika ɗaya, rahoton kuma yana jiran ɗayan, mutum zai gama amma a nuna bai gama ba. SCORM 2004 ta raba su gida biyu. Haka nan gurbin da 1.2 ke ajiye inda mai koyo ya tsaya haruffa 4096 kawai yake ɗauka, shi ya sa dogon darasi kan mayar da mutum farko bayan ya yi nisa. Maganinsa a datsa darasin gida-gida ko a koma bugu na 3 ko na 4 na 2004. Wanda yake son ya riƙa ajiye labarin koyon da ake yi a wajen dandali, kamar gwaji a bakin inji, sai ya duba wata ƙa'idar mai suna xAPI, wadda ta fito a 2013.

Gina darasin

Darasi ɗaya, aiki ɗaya, minti 5 zuwa 10. Ku fara da yanayin da ma'aikaci ke haɗuwa da shi a zahiri, ku bar shi ya zaɓi abin da zai yi, sannan ku nuna masa abin da zaɓinsa ya haifar. Tarihin kamfani da jawabin maraba ba nan ne wurinsu ba. Kada murya ta riƙa karanta rubutun da ke kan allo kalma bayan kalma, domin ido ya fi murya sauri, mai koyo sai ya rasa wanda zai bi. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Richard Mayer kan koyo da hoto da sauti ya nuna hoto da bayanin murya sun fi tasiri in ba a jibga musu dogon rubutu ba. Amma ku sa rubutun abin da muryar ke faɗa, wanda ake iya kunnawa, saboda masu matsalar ji da masu aiki a wuri mai hayaniya.

Ku lissafa nauyin bidiyo tun da wuri. Bidiyon minti 10 da ke gudu a megabit 1.5 a daƙiƙa ya kai kusan megabait 112. Ku ninka wannan da yawan darussa, ku ga abin da kuke ɗora wa reshen da intanet ɗinsa ke tafiyar hawainiya.

Game da jarrabawa, ku rubuta tambayoyi 30, dandalin ya zaɓo wa kowa 10, don kada amsoshi su zagaya ofis a rana ɗaya. Makin ci 80 cikin 100 ya zama ruwan dare kuma ya wadatar ga yawancin darussa, amma a abin da ya shafi rai, kamar kashe inji kafin gyara, wasu tambayoyin dole a ci su duka. Duk amsar da ba daidai ba ta zo da bayanin dalili. Kulle maɓallin "ci gaba" har sai bidiyo ya ƙare ba ya sa kowa saurare, sai dai ya buɗe wani shafin ya ci gaba da harkarsa. Abin da ke riƙe ilimi shi ne tuni. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Saboda haka ku tura tambaya biyu ko uku bayan kwana 2, bayan mako 1, da bayan wata 1.

Manajoji

Nan ne kamfanoni suka fi tafka kuskure, suna ba manaja irin abin da suka ba sabon ma'aikaci. Aikin manaja yawancinsa magana ce: gaya wa wanda aikinsa ya ja baya gaskiya ba tare da cin fuska ba, raba aiki, sasanta mutum biyu da suka saɓa. Kallon bidiyo ba ya koyar da wannan, sai baki ya furta an ji inda ya yi tuntuɓe.

Tsarin da ke aiki shi ne rukuni na mutum 12 zuwa 16 da za su tafi tare tsawon mako 6 zuwa 8. Kowane mako mutum ya yi karatun minti 20 shi kaɗai, sannan a haɗu kai tsaye ta Zoom ko Microsoft Teams na minti 60 zuwa 90. Mafi yawan lokacin haɗuwar a ba gwaji: a raba su uku-uku a ƙananan ɗakunan taro, ɗaya manaja, ɗaya ma'aikaci, ɗaya ɗan kallo mai rubuta abin da ya ji, kowane zagaye minti 7, sai a juya. Kafin mako mai zuwa kowa ya yi irin wannan tattaunawar da gaske da wani a sashensa, ya dawo da labarin yadda ta kaya. Kada a naɗi zaman gwaji, kada kuma a haɗa shugaba da na ƙasa da shi a ɗaki ɗaya. In mutum yana tsoron abin da zai faɗa zai koma kunnen mai yi masa ƙarin girma, shiru zai yi. Halarta kan fara raguwa bayan makonnin farko idan aiki ya taso, don haka a kulle ranakun a kalandar kowa tun kafin a fara, da sa hannun wani babba a kamfanin.

Manaja kuma shi ne ƙofar horon waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ku ba shi takarda shafi ɗaya: abin da darasin ya ƙunsa, tambaya biyu da zai yi wa ma'aikaci kafin ya fara, da abin da zai lura da shi a wurin aiki bayan an gama. Ku kuma ware lokacin koyo a cikin sa'o'in aiki, a rubuce. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin inji ko kan kanta ba shi da tebur, sai an tanadar masa na'ura da wanda zai riƙe masa wuri.

Gwaji, fitarwa da awo

Kafin a tura wa kowa, ku gwada da mutum 30 zuwa 50 na tsawon mako 2, ku tabbata cikinsu akwai mai tsohuwar waya da na reshen da ya fi fama da raunin intanet. Ku zauna kusa da biyar daga cikinsu kuna kallo ba tare da kun taimaka ba. Inda suka tsaya suna lalube, nan ne gyara yake. Daga nan ku fitar rukuni-rukuni, kowanne da ranar rufewarsa. Rana ɗaya ga dukkan kamfani na nufin kowa zai shigo a ranar ƙarshe, sabar ta yi nauyi.

Wajen awo, matakai huɗu na masanin horar da ma'aikata Donald Kirkpatrick, da ya fitar a 1959, har yanzu su ake bi: ko masu koyo sun gamsu, ko sun koya, ko aikinsu ya sauya, ko kamfani ya ga sakamako. Dandalin zai ba ku biyu na farko cikin sauƙi, kuma a nan yawanci ake tsayawa, ana murna da adadin waɗanda suka kammala. Na uku da na huɗu suna buƙatar ku ɗauki adadin tun kafin horo, misali ƙorafi nawa ake turawa sama a mako, ku sake dubawa bayan kwana 30 da kwana 90. Fitarwa rukuni-rukuni ta ba ku wata dama: ku kwatanta rassan da suka yi horon da waɗanda layi bai zo kansu ba tukuna.

Makin jarrabawa bayanin mutum ne, don haka ku ƙayyade wanda zai gan shi da tsawon lokacin da za a ajiye shi. Kamfanin da ke da ma'aikata a Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR, da ta fara aiki a 2018, ta hau kansa. Kowane darasi kuma ya kasance da sunan wanda ke kula da shi da ranar da za a sake duba shi, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko nan take idan ƙa'idar da yake koyarwa ta sauya.