Baƙin dutsen Mokolo: yadda na gane ko mene ne

Sati uku dutsen nan yana hana ni barci. Na tsince shi a cikin busasshen rafi kusa da Mokolo, a arewacin Kamaru, injin neman zinare yana ta kuka a kansa. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, nauyinsa ya fi girmansa. Mayen ƙarfe kuma ya kama shi gam.

Abokai suka ce dutsen sama ne, in kai Marwa a saya. Wani maƙeri ya ce kashin tama ne na tsofaffin maƙera, amma da na duba da kyau babu ramukan kumfa ko ɗaya a jikinsa.

Ga abin da ya raba gardama. Na goga shi da ƙarfi a gindin kofin tangaran, wurin da ba shi da santsi. Ya bar baƙin layi. Da jan layi ya bari, da hematit ne, wani nau'in tama. Sai na auna shi a ƙaramin sikeli: giram 312. Na ɗora kwano da ruwa a kan sikelin, na mayar da shi sifili, na ɗaure dutsen da zare na nutsar da shi ba tare da ya taɓa ƙasan kwanon ba. Sikeli ya nuna 61. Raba 312 da 61, ka sami 5.1, wato nauyin dutsen ya ninka na ruwa mai girmansa sau 5.1. Dutsen sama na ƙarfe yakan kai 7 zuwa 8.

Magnetit ne, irin taman da maƙeran ƙabilar Mafa suka riƙa narkawa a da a duwatsun Mandara. Alhamdulillahi, na gode wa Kawu da aron sikelinsa.