Yadda za ka fara rubuta dayari tun kana matashi, ka kuma ɗore a kai

A shekarar 1962 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Daniel Offer ya zauna da wasu yara maza 'yan shekara 14, ya yi musu tambayoyi a kan gidajensu, iyayensu, horon da ake yi musu, abokansu da abin da ke damunsu, ya rubuta amsoshin ya adana. Bayan shekara 34 ya nemo mutum 67 daga cikinsu, a lokacin kowannensu ya kai shekara 48, ya ce su tuno yadda rayuwarsu take a wancan lokaci. Da aka gwada amsoshin da na farko, a yawancin tambayoyin ba su fi wanda ya yi canki-canka ba. Lafiyarsu ƙalau, kuma ba ƙarya suka yi niyyar yi ba. Ƙwaƙwalwa ce take sake tsara abin da ya wuce domin ya dace da mutumin da ka zama.

Saboda haka nake matsa wa duk matashin da ke kusa da ni, mace ko namiji, ya ajiye dayari, wato littafin da mutum yake rubuta abin da ya faru da shi da abin da yake tunani. Yanzu gani kake ba za ka taɓa manta yadda zuciyarka ta buga ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba, ko maganar da amininka ya faɗa maka ta hana ka barci. Za ka manta. Abin da ya fi haka ciwo, za ka maye gurbinsa da wani labari kuma ka yarda da shi. Hotunan da ke wayarka za su nuna maka fuskarka da rigar da ka sa, amma abin da kake tunani a lokacin babu mai riƙe maka shi sai kai.

Fara da littafin. Kada ka sayi irin dayarin nan na ofis da aka buga wa kwanan wata a kan kowane shafi. Da zarar ka tsallake kwana huɗu, fararen shafukan za su zuba maka ido kamar masu bin bashi, daga nan sai ka daina buɗe shi. Littafin rubutu na yau da kullum ya isa, amma mai bango mai kauri wanda aka ɗinke, domin mai waya a gefe shafukansa kan zube. Kada kuma ya cika kyau. Na ga matasa da yawa an ba su littafi mai ado sun kasa sa masa biro, suna jiran ranar da za su sami maganar da ta cancanci shafin. Yi rubutu da biro. Fensir yana gogewa da daɗewa, alƙalami mai tawadar ruwa kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da rabin shafi.

Za a tambaye ni waya fa? Ana iya rubutawa a waya, amma ni takarda na fi so, kuma ina da dalilai. Kana tsakiyar jimla saƙo zai shigo. Waya tana ɓata, tana lalacewa, ana manta lambar sirri, manhajar da kake amfani da ita yau ba lalle ta kai shekara goma ba. In dai wayar ce kawai za ta sa ka rubuta, to ka yi, amma ka sa mata makulli, kuma duk bayan 'yan watanni ka fitar da kwafi ka adana a wani wuri.

A saman kowane rubutu ka sa rana, wata da shekara cikakke, da sunan ranar, da inda kake zaune. Shekarar ce mutane suka fi tsallakewa domin suna ganin ai sun sani. Bayan shekara ashirin "Talata, 9 ga wata" ba za ta gaya maka komai ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato me za ka rubuta. Mafi yawan masu farawa abin da suke ji kawai suke rubutawa: "Yau raina ya ɓaci ƙwarai. Babu wanda ya fahimce ni." Gaskiya ce, amma ranar da ka dawo karantawa ba za ka san wa ya ɓata maka rai ba, ko a kan me. Gwada wannan a maimakonta: "Yau a darasin lissafi malam ya kira ni gaban allo. Na san amsar, amma hannuna na rawa har alli ya karye. Wani a layin baya ya ce 'ka ga gwani', aji ya fashe da dariya. Da aka tashi ban jira kowa ba, na bi ta ƙofar baya. Har yanzu kunnuwana zafi suke yi." Babu inda aka ce rai ya ɓaci, amma ɓacin ran yana nan a kowane layi, kuma ranar tana nan da ranta duk lokacin da ka buɗe.

Don haka ka riƙa farautar ƙananan abubuwa. Rubuta maganar mutane yadda ta fito daga bakinsu, ba taƙaitawarka ba. Kalmar da mahaifiyarka take yawan faɗa in ta gaji, yadda kakanka yake kiran sunanka, baƙar maganar da ƙanwarka ta yaɓa maka, waƙar da kowa yake rerawa a wannan watan, abin da ke manne a bangon ɗakinka, nawa ka biya kuɗin mota, wa kake zama kusa da shi a aji. Waɗannan su ne kake ganin ba su isa a rubuta ba domin kullum kana tare da su, kuma su ne za su fara ɓacewa. Manyan ranaku, kamar ranar kammala makaranta, wasu ma za su tuna maka. Ranar Laraba da babu abin da ya faru, ita ce ba ta da kowa sai kai. Akwai mutanen da suke cikin gidanku yau waɗanda wata rana za ka so ka sake jin muryarsu, kuma layi biyu da ka rubuta na hirarsu zai fi maka komai daraja.

In ka zauna kanka ya ɗaure, ka rasa ta inda za ka fara, akwai dabarar da take aiki: rubuta wa wani. Anne Frank, wata yarinya Bayahudiya, ta sami littafin dayarinta a matsayin kyauta ranar 12 ga Yuni 1942, ranar da ta cika shekara 13, a birnin Amsterdam. Bayan 'yan makonni iyalinta suka shiga maɓoya don tsere wa 'yan Nazi na Jamus, masu farautar Yahudawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka zauna a ciki fiye da shekara biyu. Yawancin rubutunta wasiƙu ne zuwa ga wata ƙawa da ta ƙirƙira mai suna Kitty. Amfanin hakan a fili yake. In kana rubuta wa kanka, sai ka tsallake bayani domin ka riga ka sani. In wani kake ba labari, dole ka gaya masa wane ne wane, yaya ɗakin yake, me ya jawo rigimar. Kuma mai karanta rubutunta zai ga ba yaƙi kaɗai ne a ciki ba. Akwai saɓaninta da mahaifiyarta, da takaicin zama da manya a wuri mai ƙunci, da soyayya, da burinta na zama marubuciya. An kama su ranar 4 ga Agusta 1944, ta rasu a sansanin fursunoni na Bergen-Belsen a 1945, mahaifinta ya buga littafin a 1947. Ba na kawo ta don ka ce sai rayuwarka ta zama tarihi kafin ka rubuta ba. Na kawo ta ne domin yarinya ce da ta ɗauki abin da take gani da abin da take ji da muhimmanci, kuma kai ma kana da wannan haƙƙin.

Batun lokaci ba shi da wuya. Minti goma ya isa. Ka manna shi da wani abu da kake yi kullum, misali bayan ka haɗa jakar makaranta da dare. Ba dole sai kowace rana ba. In ka yi wata biyu ba ka taɓa shi ba, buɗe sabon shafi, sa kwanan wata, ci gaba daga yau. Kada ka ɓata shafi wajen ba littafi haƙuri, kada kuma ka ce sai ka cike duk abin da ya wuce, nan ne mutane suke gajiya su ajiye gaba ɗaya. Kuskuren rubutu da munin hannu ba su da wani muhimmanci a nan, babu mai ba da maki. Harshen da kake tunani da shi, da shi za ka rubuta, ko da gauraye ne.

Akwai kuma ranaku masu nauyi, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. A wani bincike da aka wallafa a 1986, masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker da abokiyar aikinsa Sandra Beall sun sa ɗaliban jami'a yin rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Wasu sun rubuta a kan abubuwa marasa nauyi, wasu a kan wani abu mai ciwo da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji, nan take ransu ya ƙara ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Abu biyu nake so ka ɗauka. Na farko, in ka rufe littafi ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, ba alamar ka yi kuskure ba ce. Na biyu, a haɗa biyun ake yi, abin da ya faru da abin da ka ji, ba ɗaya kaɗai ba.

Sai dai rubutu yana iya zama juya magana ɗaya ba tare da an je ko'ina ba. In ka duba ka ga mako uku kana maimaita zargi ɗaya da kalmomi ɗaya, canza tambayar. Rubuta yadda ɗayan mutumin zai ba da labarin in shi aka tambaya. Rubuta shawarar da za ka ba abokinka in shi abin ya samu. Rubuta abu ɗaya ƙarami da za ka iya yi gobe. In kuwa abin da kake rubutawa ya kai ga tunanin cutar da kanka, ko wani yana cutar da kai, ko baƙin ciki ya hana ka ci da barci na tsawon makonni, to littafi bai isa ba. Takarda tana saurare amma ba ta iya kawo ɗauki. Nemi babban da ka amince da shi, ko malami, ko likita. In bakinka ya kasa furtawa, buɗe shafin ka miƙa masa ya karanta.

Sirri kuma shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya. Sarauniya Victoria ta Ingila ta fara dayarinta a 1832 tana shekara 13, ta ci gaba har kusa da rasuwarta a 1901, amma a shekarun farko mahaifiyarta tana karanta abin da ta rubuta. Wanda ya san za a karanta, don mai karantawa yake rubutu. Samuel Pepys, ma'aikacin gwamnati a Landan wanda ya ajiye dayari daga 1660 zuwa 1669, da rubutun gajerce ya yi nasa, wato alamomin da ba kowa ne yake iya karantawa ba, kuma sai a 1825 aka fara buga shi. Kai ba sai ka kai nan ba. Nemi wurin ajiya da ba a yawan taɓawa, ba ƙarƙashin matashin kai ba, nan kowa yake fara dubawa. Littafin da bangonsa ya yi kama da na darasi ya fi mai ɗan kwado tsira, domin kwadon ne yake kiran mutane. Sunayen da kake tsoron a gani ka sa harafin farko kawai, ka rubuta cikakkun sunayen a wata takarda dabam, in ba haka ba kai ma wata rana za ka rasa wace ce "H". Sirrin da wani ya ba ka amana, wanda in ya fita zai cutar da shi, bar shi a zuciyarka. Kada kuma ka ɗauki hoton shafi ka tura wa kowa, ko da amininka ne.

Iyaye da yayye, in kun ci karo da littafin, ku mayar da shi yadda kuka same shi. Na san damuwa ce take sa hannu ya kai, amma abin da za ku karanta fushin dare ɗaya ne da yaron ya riga ya sauke, kuma ranar da ya gane an buɗe, ya daina rubutawa ya kuma daina gaya muku komai. In kuna tsoron yana cikin haɗari, ku zaunar da shi ku tambaye shi.

Kada ka yi saurin komawa karanta abin da ka rubuta. Bari ya kwana wata shida ko shekara. Za ka ga matsalar da ka ɗauka ita ce ƙarshen duniya ta wuce har ka manta sunan wanda ya jawo ta, za ka kuma ga wani abu da yake ta dawowa, wata sha'awa ko wani tsoro, wanda ya kamata ka kula da shi. Za ka ji kunyar wasu shafuka, hannunka zai yi ƙaiƙayin yage su. Kada ka yage. Bayan rasuwar Victoria, 'yarta Beatrice ta kwafe littattafan tana cire abin da take ganin bai dace ba, ta lalata yawancin na asalin, kuma yawancin abin da ta cire ya tafi ke nan. In ra'ayinka ya canza, ɗauki biro mai wani launi ka rubuta a gefen shafin, ka sa kwanan watan yau.

Littafi in ya cika, rubuta ranar farawa da ranar gamawa a cikin bangonsa, ka ba shi lamba. Sa shi a leda mai kauri ko akwati mai murfi, nesa da danshi da gara da hasken rana, sannan ka sayi na gaba kafin shafukan ƙarshe su ƙare.