Darasi na Tara: Ranar da Aka Kira Ka Ganawar Ɗaukar Aiki

An buga maka waya, an ce ka zo ranar Talata da ƙarfe takwas, shugabannin ma'aikata na son ganinka. Wannan zama shi ake kira ganawar ɗaukar aiki. A takardun sanarwa da ake liƙawa za ka ga an rubuta shi da Faransanci: entretien. Ka riƙe wannan kalma da kyau, ka koyi gane ta ko daga nesa.

Shirin zaune ya fi na tsaye, saboda haka mu fara da takardu. Yawancin ma'aikatu na neman takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da kaziye, wato takardar da gidan shari'a ke bayarwa mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba. Kaziye wata 3 take yi ta tsufa, ka duba ranar da ke jikinta. Wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba tun yana jariri, alƙali na yi masa wadda ke maye gurbinta, amma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Sau da yawa kuma ana tambayar katin ANPE, hukumar da ke rajistar masu neman aiki, tana da ofishi a nan Maradi. Direba ya haɗa da permi. Ka yi fotokofin kowace takarda, ka kai a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari, ka bayar da ita, ka riƙe ta asali a hannunka. Ka sa su cikin leda mai tsabta. Takardar da ta sha manja ko ta lanƙwashe a aljihu tana yin magana kafin mai ita ya buɗe baki.

Ana gobe, ka je ka ga wurin da idonka. In daga Tibiri ko Madarunfa za ka taso, ka kwana cikin gari in da hali, kada ka jingina da motar safe. Ka isa da saura rabin awa, da wankakkun kaya ko da ba sabbi ba ne, ka kashe waya tun a bakin ƙofa.

Yanzu ga inda mutanenmu da yawa ke faɗuwa, kuma abin na damuna ƙwarai. Mun tashi ana gaya mana yabon kai jahilci ne, yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, mace ba ta yawan magana gaban baƙi. Tarbiyya ce mai kyau. To amma mutanen da ke zaune bayan tebur ba su san ka ba, ba su san gidanku ba, kuma minti kaɗan gare su kafin su kira na bayanka. In ka sunkuyar da kai ka yi ta cewa "to, Allah dai ya sa mu dace", da me za su auna ka? Faɗin aikin da hannunka ya yi ba yabon kai ba ne, shaida ce. Ku karanta wannan zance tare, mutum biyu:

"Malama, wane aiki kika taɓa yi?"
"Ranka ya daɗe, ƴan aikace-aikace ne dai na gida."

Ga wata amsa daga bakin mace guda, kan aiki guda:

"Ranka ya daɗe, shekara 6 ina dafa abincin sayarwa a bakin tasha. Kullum ina dafa tiya 5 ta shinkafa da wake, ni ke sayen kaya, ni ke lissafi, yara 2 na aiki ƙarƙashina. Yanzu kuma na iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita."

Babu ƙarya ko ɗaya a amsa ta biyu, babu kuma rashin kunya. Shekaru ne, da adadi, da aiki. Mai neman gadi ya faɗi inda ya yi gadi, dare ko rana, da abin da ya yi ranar da ya ji motsi bayan katanga. Mai neman aikin magaza ya faɗi yadda yake ƙidaya buhuna in ana saukewa daga mota. Ka yi sallama, ka jira a nuna maka kujera, ka riƙa duban mai magana cikin ladabi, ka ɗaga murya yadda za a ji ka.

Za a iya tambayarka ko kana jin Faransanci. In kaɗan kake ji, ka ce kaɗan, ka roƙi a yi maka da Hausa. In an ce ka iya karatu, ka faɗi iyakar inda ka kai: "Ina ajin yaƙi da jahilci, ina rubuta sunana da lambobi, ina karanta gajeren saƙo." Wataƙila nan take a miƙo maka alƙalami da takarda, ka ga ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka in an tambaye ka dalilin barin tsohon wurin aikinka, ka faɗa a taƙaice, kada ka zagi tsohon maigidanka ko da ya cuce ka. Wanda ke saurarenka zai ɗauka gobe shi za ka zaga.

Maganar albashi ka bari su fara tayar da ita. In ba su tayar ba, sai ka tambaya a ƙarshe, matambayi ba ya ɓata. Tun watan Janairu na 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42.000 ne a wata, jika arba'in da biyu ke nan, kuma doka ta tsayar da aikin mako a awa 40, ko da yake wasu ayyuka kamar gadi na da nasu lissafin. A kula a nan: mu da dala muke ƙidaya, takarda kuwa da sefa take rubutu, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Ka maimaita adadin da jika, ka ji sun amsa. Ka tambayi tsawon lokacin gwaji, da ranar hutu, da ko za a yi maka rajista a CNSS, asusun da ke biyan fansho da kuɗin rauni a wurin aiki. In an kawo takardar yarjejeniya, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai ka karanta, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka layi-layi, sannan ka karɓi taka. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce ka kawo wani abu zai shigar da sunanka, ka riƙe kuɗinka.

Aikin aji: kowa ya rubuta layi uku a littafinsa, aikin da ya iya, shekara nawa ya yi yana yin sa, da adadi ɗaya da ke nuna girman aikin. Sai ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, sannan ku musanya. Malami ya tsaya a ƙarshen aji, wanda bai jiyo muryarsa ba ya sake.