Kafin ka rubuta shanyewar jiki, huda yatsa

Duk rukunin ɗaliban mataimakan likita da aka turo mana ɗakin manya masu ciwon cikin jiki, kurakuransu ba sa canzawa. Bakina ya gaji a zagayen safe, shi ya sa na ɗauki biro.

Na farko ni ma na tafka shi, kuma saura ƙiris ya ci ran mutum. Ina ɗalibi a wani asibitin gunduma a Ghana, cikin watan azumi, aka kawo wani dattijo bayan la'asar. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, magana ba ta fita, hannun dama ya saki. Nan take na yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce, na zauna cike takardar tura shi babban asibiti. Kusan awa guda yana kwance. Sai wata dattijuwar nas ta leƙo ta ce, "Ɗana, ka duba sugan Baba kuwa?" Ta huda yatsa: 2.1, alhali da zarar ya sauka ƙasa da 3.9 an shiga haɗari. Aka ɗura masa gulukos ta jijiya, cikin 'yan mintuna ya buɗe ido yana tambaya ko an sha ruwa. Ashe glibenclamide, maganin ciwon suga, ya haɗiya da sahur, ya wuni ba ci. Har yau idan na tuna awar nan gabana sai ya faɗi.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo a ruɗe, ko a sume, ko yana farfaɗiya, sai an huda yatsarsa kafin in rubuta ko harafi ɗaya. Kuma don ya farfaɗo ba na sallamarsa. Glibenclamide yana daɗewa a jiki, musamman ga tsoho mai raunin ƙoda, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare. Mai karɓar kwinin (maganin zazzaɓin cizon sauro) ta jijiya ma sugansa na iya faɗuwa, a sa masa ido.

Na biyu, tarihin magani. Ka ce "Baba, kana shan magani?" ya ce a'a, ka rubuta babu. Haba! Wannan lalaci ne. A wajensa magani shi ne na asibiti. Diclofenac da yake saya a kemis kullum saboda ciwon gwiwa, da jiƙon da ke cikin gora, ba sa cikin lissafi. Ga hawan jini ya ƙi sauka, ga ƙoda tana lalacewa a dalilinsu, kai kuma kana ta ƙara masa ƙwayoyi. Ni 'yan uwa nake aikawa gida su kawo ledar gaba ɗaya, mu zazzage ta a kan gado.

Numfashi kuma a ƙirga shi minti ɗaya cur, a daina kwafar 20 daga katin jiya. Ƙaramin maɗaurin awon hawan jini a damtse mai kauri yana ba da lamba sama da gaskiya, a nemo babba.