Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koya wa Yara Tsamo Muhimman Bayanai a Karatu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a miƙa wa yaro rubutu, a ce ya ja layi a ƙarƙashin abin da ke da muhimmanci, alhali ba a gaya masa abin da ake nema ba. A ƙarshe ko dai ya zane shafin gaba ɗaya, ko kuma ya maƙale wa abin da ya fi ba shi mamaki. A ce sakin layin yana bayanin yadda ƙudan zuma ke kai ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan har ta yi 'ya'ya, sai aka ɗan ambaci cewa yakan mutu bayan ya harbi mutum. Maganar harbin ce za ta zauna wa yaron, kuma ban ga laifinsa ba, domin ita ta fi daɗin ji. Gyaran shi ne a ba shi tambaya guda tun kafin ya fara, kamar "Wane amfani ƙudan zuma ke yi wa shuke-shuke?", sannan a ƙayyade masa jimla biyu kacal da zai zaɓa, ya kuma faɗi dalilinsa.

Wasu malamai kan koyar da cewa jigon sakin layi kullum yana jimlar farko. Marubuta da dama sai a ƙarshe suke faɗinsa, wani ma ba ya faɗinsa ƙarara, don haka gara a riƙa tambayar yaro: idan aka cire wannan jimla, saƙon zai rushe ko zai tsaya?

Haka nan kwafe jimloli ba taƙaitawa ba ne. A sa shi ya rufe littafin, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa.

Akwai kuma kuskuren da ba a cika lura da shi ba, wato ɗora wannan aiki a kan yaron da har yanzu yake fama da haɗa baƙaƙe. Tun a 1986 masana Gough da Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana buƙatar iya furta rubutattun kalmomi tare da fahimtar harshe, kuma idan ɗaya ta yi rauni, ɗayar ba za ta cike gurbinta ba. Irin wannan yaro a karanta masa a bayyane, ya tsamo bayanan da kunne, a ware wani lokaci dabam don gyara masa karatun.